Kuɗin Ƙoshi

Jummai, gyara zama ki rubuta yadda zan faɗa, ba yadda kuka saba faɗa ba. Duk Sallah in kun taru a tsakar gidan nan, kun ci kun sha, sai wani ya ɗauko zancen shekarar da Dada ta sayar da filinta na Gabukka don ta ɗauka a Abuja mai gida ne ke ciyar da 'yan haya. Sai ku kwashe da dariya, har da jikokin da suke goye a lokacin. Ni ma nakan taya ku, don ban taɓa jin wanda dariya ta kashe ba. Amma Sallar da ta wuce na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, yana cewa da Dada ta yi boko da yanzu muna da fili a bakin kwalta. Maganar nan ta tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Ban yi boko ba, gaskiya ne, ko sunana aka rubuta a bango wuce shi zan yi. Amma ku ji yadda abin ya kasance kafin in bi mahaifinku.

Shekarar da Malam ya rasu ce, Allah ya haskaka kabarinsa. Bari in share idona. A'a, rubuta har da kukan, ai ba sata na yi ba. Mutumin nan ya tashi lafiya, ya sha kununsa, ya yi mini mita wai tsamiya ta yi yawa, ya fita rumfarsa ta kafinta a bakin titi, kafin azahar aka shigo da shi a hannu. Shekara da shekaru ina cewa mitarsa ta ishe ni. Yau da wani zai shigo ya ce mini kunun ya yi tsami, da na ba shi tukuici.

Sai kun san halinsa game da gida za ku gane sauran labarin. Kafin mu samu namu a nan Pantami mun sha zaman haya, a unguwar Malam Inna muka fi daɗewa. Kowane magidanci in ya je ganin gida ruwa yake tambaya, ya ɗaga kai ya ga ko rufi na yoyo. Shi mahaifinku ƙofa yake fara dubawa. Ya ware hannuwa ya auna faɗinta, ya bi zaure ya ga inda ya lanƙwasa, don ya san ko makara za ta fita ba tare da an karkata ta ba. Shi ke gyara makarar masallacin unguwa, ya san tsawonta kamar yadda na san muciyata. Masu gida da yawa sun sallame mu tun daga ƙofa saboda wannan awo, wani ma cewa ya yi mun zo masa da mugun fata. Malam ko a jikinsa. Abin da yake faɗa kullum shi ne:

"Gidan da ba zai sallame ka da mutunci ba, kada ka bari ya karɓe ka."

Da ya tashi gina nan, sai ya yi ƙofar zaure mai faɗin da maƙwabta suka riƙa tambayarsa ko tirela ya saya. Ranar da aka fitar da shi, ko bango makarar ba ta goga ba. Ni ina ɗaki ban gani ba, ƙanwarsa ce, Goggonku Dije, ta leƙa ta dawo ta faɗa mini. Muka riƙe juna muna kuka muna cewa aikinsa ya yi kyau.

Sai kuma Yayanku. Ba zan faɗi sunansa ba, ɗan fari ne, ban taɓa kamawa ba, kuma ba a takarda zan fara ba. In kina so ki rubuta a gefe da hannunki. Aiki ya kai shi Abuja tun da daɗewa, amma albashin bai kai ya ɗauki iyali ba. Yana can bayan gari a ɗaki ɗaya da wasu gwauraye, suna rayuwa a kan shayi da burodi da taliyar nan ta yara. Matarsa Zainabu da 'ya'yansu suna nan wurina, a ɗakin da yanzu muke ajiye buhuna. In ya zo ganin gida sai in hangi riga a rataye a jikinsa kamar a jikin ƙusa. Ba na iya cewa komai. Uwa ba ta tsayawa ta ƙare wa ɗan fari kallo, balle ta buɗe baki ta ce ya rame. Sai dai in ƙara man shanu a miya, in ce hannuna ne ya zarce.

Ina tsakiyar takaba ya kira wayar Jummai, ita wannan mai rubutun. Ya ce ya samu gidan haya a cikin gari kusa da ofishinsu, irin wanda suke kira filat, in ya kama shi zai iya ɗaukar Zainabu da yara. Sai dai kuɗin shekara biyu ake so a dunƙule, abin da ya tara kuma ko rabi bai kai ba. Bai ambaci fili ba, ba kuma zai ambata ba, amma kowa a gidan nan ya san inda ragowar za ta fito. Filin Gabukka nawa ne ni kaɗai, Malam ya ba ni a gaban shaidu shekarar da na yi jinyar mahaifiyarsa, bai shiga gado ba. Abin da Yayanku ya faɗa wa Jummai kawai shi ne:

"Baba ne ke duba mini irin wannan. Yanzu sai Dada ta duba. In ta ce ya yi tsada, na haƙura."

Na ce a faɗa mini kuɗin. Aka faɗa, ya wuce inda ƙirgata ke tsayawa. Na ce a juya mini shi zuwa buhunan masara. Jummai ta danna waya ta ce in aka jibge su za su cika ɗakina da na Zainabu, su yi saura a zaure. Goggonku Dije, wadda ta tare a nan don taya ni zama, ta tafa hannu ta ce wannan ba haya ba ce, sadakin aljana ne.

Washegari bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a nan gindin bango, aka kira shi ta irin wayar da ake ganin mutum. Yana tare da ejan, wato dillalin gidaje, wani saurayi mai bakin Kano, rabin maganarsa Turanci, yana ta kirana Hajiya alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Da na ji muryar baƙon namiji sai na ja mayafi na rufe fuska. Goggonku ta ce ganin waya ba gani ba ne. Ban yarda da fatawarta duka ba, sai na buɗe ido ɗaya. Da ido ɗayan nan na duba gidan Abuja.

Suka yi ta hawa bene, wayar tana rawa har jiri ya fara ɗibata ina zaune a kan tabarmata. Gidan yana hawa na uku. Wuri fes, ƙasa tana sheƙi kamar faranti, ba zan tauye masa haƙƙinsa ba. Ejan ya buɗe wata ƙofa a cikin ɗakin kwana yana taƙama, wai kowane ɗaki da bayinsa. Goggonku ta ce wato mutum ya kwana da masai a saitin kansa, kuma shi zai biya. Na tambayi inda ake ajiye turmi, ya ce ba a daka, akwai mutane a ƙasa. Na tambayi inda ake ɗaure ragon layya, ya ce ana kai wa mahauta su dawo da shi a leda. Na ce to wane ne maƙwabci, ɗan wane gari ne, yana da iyali? Yaron nan ya yi dariya ya ce shi ma bai sani ba, ai daɗin wurin ke nan, ba ruwan kowa da kowa, shi ya sa ma ya fi na bayan gari tsada. Na ce a raina, ashe a Abuja har rashin maƙwabci sai an saya.

Daga nan na ce wa Jummai ta ce masa ya koma matakalar, inda ta yi kwana, ya ware hannuwansa. Yayanku ya gane. Ya miƙa wa ejan wayar, ya sauka, ya tsaya a kwanar ya ware hannu. Wallahi tsayuwar mahaifinsa sak, har da ɗan karkata kan. Hannuwan ba su gama buɗewa ba suka taɓa bango. Ejan ya ce in kujeru nake tunani kada in damu, ta baranda ake jawo su da igiya. Na ce ba kujeru ba, makara nake nufi.

"Subhanallahi, Hajiya!" in ji shi. "Gidan nan sabo ne fil. Ba a mutuwa a nan."

"To ai ya yi arha," na ce. "Me ya hana ku faɗa mana tun Malam na da rai?"

Da wasa na fara ta, kuka ya ƙarasa mini. Goggonku ta kama, Zainabu da ke tsintar shinkafa a bayanmu ta kama. Yaron mutane ya rasa inda zai sa kansa, sai ya shiga lissafo sauran abin da ake biya don ya kawar da zancen: kuɗinsa na ejan, kuɗin lauya, kuɗin maigadi da shara, sai kuma wani wai shi koshin. Ni kuwa abin da kunnena ya ji shi ne kuɗin ƙoshi. Nan take kukan ya tsaya. Na tuna rigar nan a jikin ƙusa. Na buɗe ɗaya idon na tambaye shi sau nawa ne. Shi ya ɗauka biyan nake tambaya, ya ce sau ɗaya ne kacal. Goggonku ta ce sau ɗaya a wuni, to lalle tuwon dare ne, a tambaye shi ko da nama. Ana cikin haka netwok ya ɗauke. Ba wanda ya gyara mana. Jummai tana can ta cusa mayafi a baki, ni na ɗauka kuka take. Daga baya ta ce tun rasuwar ba ta ga na miƙe zaune haka ba, shi ya sa ta kasa gyara mini.

Har nan labarinku daidai ne. Daga nan ne ba ku sani ba.

Da safe Ya Falmata ta shigo gaishe ni. Kun san ta, mutuniyar Borno da ke haya a bayanmu tun da fitina ta koro su, ta canja gida a garin nan har ta gaji. Na shiga yi mata burga, na ce gidan da aka samu a Abuja har ciyarwa ake yi. Ta sa na maimaita kalmar. Matar nan ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na ba ta ruwa. Ta ce koshin kuɗi ne da mai gida ke riƙewa wai ko za ka fasa masa wani abu, in ka tashi ya mayar maka, amma ita ba ta taɓa ganin wanda aka mayar wa ba ko da harshe ya lashe gidan kafin ya fita.

"Ƙoshi kam akwai, Dada," ta ce. "Sai dai mai gida ne ke yin sa."

Tana nan da ranta, ku je ku tambaye ta. Ke nan tun kafin rana ta take na san babu tuwo, babu nama. Hukuncina ya kammala: gida ba tsakar gida, ba maƙwabci, ba hanyar fita, a kan masarar da za ta cika ɗaki biyu. Fashi ne da rana tsaka. A sayar da ƙasa a sayi iska a hawa na uku. Kuma in faɗa muku gaskiya, daɗi na ji da hukuncin ya fito haka. In na ce ya yi tsada, filina na nan, Zainabu na nan, jikokina na nan suna ɓata mini shimfiɗa. Gidan da ya rasa murya ɗaya bai shirya rasa sauran ba. Na ƙudura in an yi la'asar zan ce a faɗa masa ya haƙura, kuma ba wanda zai ce na yi zalunci, don ko Malam ne abin da zai faɗa ke nan tun daga kwanar matakala.

Da azahar na fito alwala sai na hangi Zainabu a bayan madafa, ta ari wayar Jummai. Ashe Yayanku ya ɗauki gidan a hoto mai motsi ya turo. Na ce bari in ga abin da ya ɗauke mata hankali har miya na neman ƙonewa, na ɗauka famfon kicin take kallo ko ƙasar nan mai sheƙi. Na tsaya a bayanta ba ta sani ba. Ba gidan take kallo ba. Akwai inda ya wuce ta gaban madubin bayi, fuskarsa ta fito kamar ƙiftawar ido. Sai ta sa yatsa ta tsayar da hoton a nan, ta kalla, ta mayar baya, ta sake tsayarwa. Yarinyar nan shekara nawa tana gidana, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Na koma ɗaki ban yi alwalar ba. A ƙarƙashin matashina akwai hular Malam, wadda nake ɗaukowa in shinshina in ba kowa. Dakata, Jummai. To, ci gaba. Na ɗauko hular na zauna da ita, sai na ga ni da Zainabu sana'a ɗaya muke yi, ita da waya, ni da hula. Bambancin kawai, takabata tana da ranar fita. Tata ba wanda ya yanka mata rana, kuma mijinta na da rai.

Shi Malam da yake auna ƙofar fita, ai tare muka shiga duk gidan da ya auna. Ɗaki ɗaya ne, yoyo ne, tare muke tara kwano. Ban taɓa tunanin wannan ba sai ranar.

To amma da wane baki zan faɗa? In ce na tausaya wa ɗan fari, ya rame, a sayar da filina a kai masa matarsa? In na faɗa, kafin magariba Goggonku za ta kai wa Pantami kaf cewa takaba ta cire wa Dada kunya. Ko ba don ita ba, harshena ba zai juya ba, haka aka raine mu. Sai na ga Allah ya riga ya ajiye mini mafita tun jiya. Da aka yi la'asar na sa aka taru, na gyara mayafi na ce:

"Na duba. Tunda da ƙoshi a ciki, ya yi daidai. A sayar da filin."

Goggonku ta gyaɗa kai ta ce ita ma ta kwana tana lissafi, abinci a Abuja wuta ne, in dai ana ba su ko sau ɗaya ne ba a cuce su ba. Jummai ta fara cewa, Dada, koshin fa ba abinci ba ne. Na ce mata yaushe aka haife ta da za ta koya mini Hausa. Yayanku ba macuci ba ne, ku rubuta wannan da kyau. Ya yi ta kira yana so ya warware mini. Duk lokacin da ya kai kan kalmar sai in nisanta wayar daga kunnena in ce ba na ji, netwok ne. A wurinku na koya. A kira na ƙarshe bai ɗauko zancen koshin ba. Sai na ji ya ce, "Dada." Bai ƙara komai ba. Na miƙa wa Jummai wayar na ce ta yi zafi.

Da na fita takaba aka sayar. Suka tafi da safe a mota, da katifa a ɗaure a sama, yaran suna ɗaga mini hannu kamar masu zuwa biki. Zainabu ta durƙusa a gabana, na ce ta tashi kada direba ya yi fushi, na cusa mata ƙullin daddawa da kuka tunda ban san irin miyar mai gidan ba. Ta kalle ni, na kalle ta. Ina jin ita kam ta sani. Bayan tafiyarsu gidan nan ya yi shirun da har kazar maƙwabta in ta shigo sai in yi mata sannu da zuwa. Na daɗe ina tuƙa tuwon mutum bakwai, hannuna ya ƙi koyon na mutum biyu, ni da Jummai, 'ya'yan Ya Falmata suka yi ta shan gara. Filin kuwa, kun fi ni sani, kwalta ta bi ta gabansa, wanda ya saya ya jera shaguna. In Keke Napep ya bi da ni ta wurin nakan juya fuska in ce ƙura ce. Ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Kuma har gobe ina nan a kan bakana, hayar nan fashi ce. Sun yi ta roƙo in je in ga gidan, na ce ba inda za ni, na ga kwanar matakalar da idona. Ni ta ƙofar Malam zan fita, ba da igiya ta baranda ba.

Babbar Sallar da ta zagayo suka zo. Ina zaune a nan inda nake yanzu na ji sallama, na ɗaga kai, sai ga mutum ya cika ƙofar zauren da aka ce ta tirela ce. Wuya ya yi rara, kumatu sun fito, tumbi ya riga shi shigowa. Goggonku Dije ta zagaya shi tana tafa hannu.

"Kai, mai gidan nan naku yana da hannu! Wannan duk sau ɗaya a wuni?"

Yayanku ya sunkuyar da kai ya ce a'a Goggo, an ƙara, yanzu sau uku ne. Zainabu ta shige madafa da gudu, ina jiyo dariyarta a cikin tukwane. Ni kuwa, da yake hankalin kowa na kan Goggo, na samu na kalle shi tun daga hula har takalmi, kallon da ban yi masa ba tun yana zanen goyo. Ranar ban ƙara man shanu a miya ba.

Goggonku ta rasu tana sa mai gidan nan a addu'a, Allah ya jiƙanta, ku bar masa ladan, wataƙila ita kaɗai ce ta taɓa yi masa. Ke kuma Jummai, ajiye alƙalamin haka, ki ba ƙannenki su karanta, har da mai maganar boko. Amma kada wanda ya kai wa Yayanku. In ya tambaya, ku ce har yanzu Dada ta ɗauka ana ciyar da su.